Rubutun Auta

Tun kafin a aiko kiransa makaranta, matarsa ta gaya masa cewa yabon nan da yake yi wa rubutun 'yarsu Auta zai ƙare da ɓacin rai. Ba ta san ta inda abin zai ɓullo ba, ita dai jikinta bai ba ta ba. Ta ce yarinyar tana zama a kan aikin gida tun la'asar har a kira magariba, in an leƙa sai a ga abin da ta rubuta bai fi tafin hannu ba.

"Ke me kika sani game da rubutu?" in ji shi. "Abu mai kyau ai ba a yi masa gaggawa."

"To, Allah ya sa ni ce ban sani ba, Baban Auta."

Shi mai faci ne. Rumfarsa tana bakin babban titi, tsakanin mai walda da wani shagon sayar da man juye. Yana da injin ba da iska mai tari kamar tsoho, da bahon ruwa baƙi ƙirin wanda ake tsoma tiyub a ciki a nemo huda, da ƙarafan ɓanɓare taya. Karatunsa bai wuce tsakiyar firamare ba. Yana iya karanta saƙo a waya in bai yi tsawo ba, yana kuma iya rubutu da manyan baƙaƙe, irin wanda ya yi da farin fenti a jikin wata tsohuwar taya ya rataye a gaban rumfa: ANA FACI. Yayyen Auta duk sun tsaya a hanya, wannan ya bi mota, wancan ya kama sana'a. Ita kaɗai ce ƙwaƙwalwarta ta kama boko da gaske, shi ya sa ya kai ta makarantar da ake ba kowane yaro 'yar kwamfutar hannu, ya ce ko me zai rasa, ita kam sai ta shiga babbar sakandaren kimiyya. Jarrabawar shiga makarantar sau ɗaya ake ba yaro damar yi, a shekarar da ya gama firamare. Wanda ya faɗi, shi ke nan.

Rubutun Auta kuwa, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Kowane harafi a tsaye, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, sai ka rantse inji ne ya buga. Akwai wata takarda da ta rubuta, ya sa a leda ya ajiye a aljihun gaba. Direba ya tsaya a yi masa faci, kafin gam ya bushe sai ya goge hannu a wando ya zaro ta.

"Duba nan. Wa kake jin ya rubuta?"

"Ai wannan bugawa aka yi."

"'Yata ce. Da hannu!"

Mai walda ya ɗaga tabaran aikinsa ya ce, "Jama'a, ku taya ni jin wannan. Mutumin da in zai rubuta sunansa sai ya zaro harshe waje, shi ne ya haifi inji. Anya ba a musanya maka a asibiti ba?"

"Hassada ce ke damunka. Naka ɗan in ya yi rubutu, kaza ma sai ta ce ba ita ta yi tonon ba."

A gida kuma kullum maganarsa ɗaya ce in ya ga Auta ta sunkuya a kan littafi: "A hankali, 'yar baba. Kada ki yi sauri ki ɓata."

Wata safiya, saura 'yan makonni a yi jarrabawar, Auta ta ce malamar ajinsu tana son ganinsa bayan an tashi. Ya bar rumfar a hannun mai walda, ya wanke hannu da omo har sau biyu, baƙin bai fita ba, ya tafi haka.

Ajin ba kowa sai malamar da Auta. A kusurwa akwai kabad na ƙarfe a buɗe, an jera 'yan kwamfutocin a ciki, kowace da igiyar cajinta. Baƙin allon bango an rufe rabinsa da wani farin ƙyalle da ake haska darasi a kai. Malamar yarinya ce, ba ta daɗe da zuwa makarantar ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi kujerar yara, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa kai ƙirjinsa.

Ta ce sun yi gwajin jarrabawa, irin yadda za a yi ta gaske: takarda da biro, da lokaci ƙayyadadde, ba kwamfuta. Ta miƙo masa takardun Auta. Shafin farko ya ga rubutun da ya sani, tsaf, da jan biro an yi wa kowace amsa alamar daidai. Ya fara murmushi. Ya buɗe shafi na biyu, fari fat. Na uku ma haka, har ƙarshe.

Ya juya ya dubi Auta. "Ba ki san sauran ba ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, bari ka ji," in ji malamar. Ta ɗauki takardar tambayoyin ta shiga karanto waɗanda aka bari, ɗaya bayan ɗaya. Auta tana amsawa da baki, ko numfashi ba ta tsayawa ta ja. Ba ta kuskure ko ɗaya ba.

"To me ya hana ki rubutawa?"

"Lokaci ne ya ƙare, Baba."

Malamar ta ajiye farar takarda a gaban yarinyar ta ba ta biro. "Rubuta min 'agwagwa'. Baba, kada ka kalli takardar, hannunta za ka kalla."

Ya kalla. Bai taɓa tsayawa ya kalli hannunta tana yi ba, shi dai sai an gama a nuna masa. Auta ta fara harafin farko daga ƙasa. Ta yi ɗan tumbi, ta ɗaga biro. Ta ja sanda a gefe, ta ɗaga biro. Ta ɗora masa wata 'yar hula a sama, ta koma ta bi layin don ya yi kauri. Da ta zo harafi na biyu sai ta juya takardar a karkace, ta yi zobe a sama, ta yi wani a ƙasa, ta haɗa su da ɗan wuya, ta manna masa kunne. Na uku kuwa, bayan ta gama shi, ta bi kan kowace sanda ta ja ɗan gajeren layi.

"Wannan fa mene ne?" ya tambaya.

"Haka yake a kwamfuta," in ji Auta a hankali. "Wasu suna da hula, wasu suna da takalmi. In ban sa musu ba, ba su cika ba."

Har ladan ya fara gyaran murya a masallacin bayan makarantar, agwagwar ba ta gama fitowa ba.

"Ka gani, Baba?" in ji malamar. "Ba rubutu take yi ba. Zane take yi."

"Zane kamar yaya? Ga shi ana karantawa!"

"Ana karantawa. Amma kowane harafi yana da inda ake fara shi da inda ake ƙare shi, hannu ya tafi sau ɗaya ya wuce na gaba. Ba wanda ya taɓa nuna mata. Da aka kawo kwamfutocin nan an cire darasin koyon rubutu, aka ce ɓata lokaci ne, tunda yara dannawa suke yi. Ita kuma yarinya ce mai son abu ya yi kyau, sai ta riƙa kallon harafin da ke kan gilashi tana kwaikwayo kamar hoto. Sauran 'yan ajin nasu ba kyau, wasu ko biro ba su iya riƙewa ba. Amma ita ce na san ta san amsoshin, shi ya sa nata ya fi damuna."

Ya dubi malamar. "A can wurin jarrabawar, ba za a bar ta ta faɗa da baki ba? Ko ta danna?"

"A'a, Baba. Biro da takarda. In lokaci ya cika a karɓe."

Suka kama hanyar gida. Tana bayansa a kan babur, ta riƙe rigarsa, yana jin yatsunta ƙanana a haƙarƙarinsa.

Da yamma ya yanke shawarar shi zai gyara abin da kansa. In sauri ake so, ai sauri ba wuya. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye waya a gabanta, ya ce zai riƙa karanto mata tana rubutawa, yana duba agogo.

"Yi sauri. Bar hular nan! Na ce bar takalmin, wa zai kalli takalmi? Sauri, Auta!"

Yarinyar ta yi ƙoƙarin yin sauri. Ta ja sanda, ta rasa ta ina za ta ci gaba, ta koma ƙasa, biro ya huda takardar. Ya sake ba ta wata. Ita ma ta huje.

"Haba! Abin da kike yi kullum ne fa, ki yi shi da sauri kawai!"

Ta ɗago, idonta taf da hawaye. "Baba, ai kai kake cewa in yi a hankali."

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Auta, taya ce da za ka ƙara mata iska? In ka iya, karɓi biron ka nuna mata."

Ya karɓa. Biron ya ɓace a tsakanin yatsunsa masu kanta. Ya yi niyyar rubuta ƙaramin harafi, sai ya tarar bai tuna yadda ake fara shi ba, in ma ya taɓa sani. Abin da ya fito babban baƙi ne karkatacce, irin na jikin taya. Ya ajiye biron ya tashi ya fita ƙofar gida, ya daɗe a tsaye yana kallon yara suna buga ƙwallo a lungu.

Washegari ya koma wurin malamar, hula a hannu. Ta yarda za ta riƙa tsayawa da Auta bayan an tashi. Amma ta ce sai ya yi haƙuri da abin da zai gani, domin daga farko za su soma, kamar 'yar aji ɗaya.

Haka aka yi. In ya zo ɗaukarta sai ya tsaya ta taga. Malamar ta naɗe farin ƙyallen, ta nemo alli. Tana tsaye bayan Auta, ta kama hannunta, suna ja tare a kan allo, tana faɗa kamar waƙa: "Daga sama, zagayo, hau, sauko. Kada ki ɗaga. Daga sama, zagayo, hau, sauko." Yarinyar da ke warware lissafin da shi ko karanta shi ba ya iyawa, ga ta tana cika allo da zobba kamar mai wasa. Wani lokaci hannun ya tafi daidai. Wani lokaci ya tsaya cak a tsakiya, yana neman komawa ya ɗora hula.

Bayan mako biyu ya ce ta kawo littafin ya gani. Ya buɗe ya duba. Haruffan sun kwanta, wasu sun hau kan wasu, wasu sun zube ƙasan layi. Lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ wani wuri ta fito kamar ƙaho, wani wuri babu ita sam. Ya ga wata kalma ya kasa gane ko baki ce ko baƙi. Ya kira matarsa, ita ma ta juya littafin ta sake juyawa.

"Rubuta min irin na da," ya ce wa Auta. "Layi ɗaya kawai, in gani."

Ta gwada. Hannun ya fara daga ƙasa, ya tuna an hana shi, ya koma sama, ya rikice. Abin da ya fito ba na da ba ne, ba na yanzu ba.

Ranar nan a rumfa ya manna faci a inda ba huda. Direban ya dawo yana masifa, mai walda ne ya ba shi haƙuri. Da mutumin ya tafi, mai walda ya zauna a kan taya ya ce, "Kwana biyu ban ga an zaro takardar nan ba. Injin ya lalace ne?" Da ya ga fuskarsa sai ya bar wasan. "Kai, lafiya?"

"An ɓata mata hannu. Na da ya tafi, sabon bai zo ba."

"To ka je ka ji mana. Zama a nan kana ɓata wa mutane taya ba zai gyara ba."

Ya je da zafinsa. Ya ajiye littafin a kan teburin malamar da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya.

"Malama, na kawo miki yarinya mai rubutu kamar na inji, dubi abin da kika mayar min. Wa zai karanta wannan?"

Ba ta yi fushi ba, sai dai ya ga ita ma ta rame a fuska. Ta jawo wata takarda, gwajin da suka sake yi. Shafukan a cike suke har kusan ƙarshe.

"Ta kusa gamawa a kan lokaci, Baba. Wannan shi ne abin da muka samu. Abin da muka rasa kuma ka gan shi. Ni ina karanta yawancinsa, don na san hannunta. Wanda zai duba takardar gaske bai san ta ba, kuma tulin takardu ne a gabansa. In ya gane, ta ci. In ya gaji ya ja layi, ba ni da yadda zan yi."

"To a mayar da ita na da."

"In ta zauna ta natsu, wataƙila ya dawo. Sai ta rubuta shafi ɗaya mai kyau, ta bar saura fari. Shafi ɗaya ba ya kai kowa makarantar nan." Ta ƙara da cewa, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan aikin shekara guda ake yinsa, tun hannu yana ɗanye. Ni a makonni nake so in yi. Ban sani ba ko zai isa."

Ya so ta yi masa gardama, ya samu wanda zai yi wa faɗa. Ya ɗauki littafin ya ce ta yi haƙuri, ya fita.

Sauran kwanakin bai ƙara cewa a hankali ba, bai kuma ce sauri ba. In Auta ta zauna a tabarma, shi sai ya zauna nesa kaɗan yana gyaran wani abu da bai lalace ba, yana jin ƙarar biro a kan takarda, da muryarta ƙasa-ƙasa: daga sama, zagayo, hau, sauko. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Uwar tana shafa mata man zafi a wuyan hannu. Wata rana rubutun ya ɗan miƙe har ya ji sanyi a ransa, washegari ya sake kwantawa.

Ranar jarrabawa ya kai ta da sassafe. Wata babbar makaranta ce a ɗaya gefen gari, ƙofar cike da iyaye da babura da masu sayar da biro. Ya saya mata biyu, ban da biyun da ke jakarta. Ta sauka, ta gyara ɗankwali, ta yi taku kaɗan, sai ta dawo.

"Baba, da wanne zan rubuta? Rubutun da ko sabon?"

Duk daren jiya da safiyar yau abin da yake juyawa a ransa ke nan. Mai gadi yana ta kiran yara su shiga.

"Ki rubuta duk abin da kika sani, 'yar baba. Kada ki bar musu komai a cikinki."

Ta dube shi kamar tana jiran ƙari, sannan ta gyaɗa kai ta shige.

Bai koma rumfa ba. Ya zauna a kan babur a gindin katanga, inuwa tana matsawa yana binta. Wani mai mota da ke jiran ɗansa ya ce masa yaran yanzu sun huta, komai a kwamfuta. Ya ce masa haka ne, ya kau da kai.

Da aka buɗe ƙofa yara suka fito kamar an ɓalle ruwa. Ya hango ta can baya, tana tafe tana yarfe hannun dama. Gefen tafinta duk shuɗin tawada.

"Yaya?"

"Na kai ta ƙarshe."

"Duka?"

"Duka. Ta ƙarshen ce ban gama ba, saura kaɗan aka ce a ajiye biro." Ta hau bayansa. "Da farko na fara da na da, don tsoro nake ji. Sai mai tsaron jarrabawar ya faɗi lokacin da ya rage, na ga ko rabin shafi ban yi ba. Daga nan ban san yadda aka yi ba, hannun ne kawai ya tafi."

Ya tayar da babur, ya sake kashewa. Ya juyo.

"Auta, gaya min gaskiya. Ana iya karantawa?"

Ta dubi tafin hannunta. "Ni dai ina iya karantawa, Baba."

Aka ce sakamako sai bayan wata biyu. Ya koma bakin aikinsa, yana tsoma tiyub a ruwa yana neman huda, Auta kuma ta ci gaba da zuwa wurin malamar duk da jarrabawa ta wuce, don malamar ta ce hannun bai gama zama ba. Takardun suna can wani wuri a cikin tuli, za su faɗa hannun wani mutum da bai san Auta ba, bai taɓa jin ta amsa tambaya da baki ba. Ko zai iya karanta abin da ta rubuta, har yau mai faci bai sani ba.